Na Sayi Babur Domin Idanunki

Zuwa ga inuwar da nake fakewa, ruwan farko bayan dogon rani, uwar 'ya'yana, abokiyar dariyata ta shekara talatin da ɗaya.

Albishirinki! Na sayo babur. Yana nan tsaye a shagon waldata, kusa da bencin da kike zama in kin kawo mini abinci, baƙi wuluk, ƙirjinsa kamar na bajimin sa. Na san za ki ce tsohon nan ya zare. To na zare ɗin, kuma ke ce sila.

Kin tuna ranar da likitan ido ya ajiye 'yar fitilarsa ya ce hasken da ya rage miki bai fi na shekara biyu ba? Ko ƙwalla ba ki yi ba. Tambayata kika yi ko na kulle shago. Sai da muka kusa gida kika ce, kamar da wasa, abu ɗaya ke ci miki rai: ba ki taɓa ganin teku ba, ba ki ga dutsen da girgije ke kwana a kansa ba. Shekara nawa ina ce miki sai an samu sarari? Ashe sarari ba ya zuwa da ƙafarsa, ɗauko shi ake yi.

Tunda kika tafi gidan babbar 'yarmu don ki huta, ban zauna ba. Mako uku ina zagaya masu sayar da babura. Wani da ake kira Dogo ya yi ta nuna mini masu gudun tsiya, ni kuwa duk wanda ya jawo, kujerar baya nake hayewa in lumshe ido. Ya ce, "Baba, a gaba ake gwadawa." Na ce masa ai mai babur ɗin a baya za ta zauna, ni direba ne kawai. Na ƙi wani don ya cika tsawo, ƙafata ba ta taka ƙasa. Na ƙi wani don in ya faɗi sai ƙarti uku. Wanda na ɗauka tankinsa yana yini guda bai nemi mai ba, tayoyinsa masu manyan haƙora ne, ba ruwansu da yashi ko taɓo, kuma injinsa kowane bakaniken ƙauye zai iya buɗewa.

Sauran aikin da hannuna na yi, farin watana. Na ƙera miki majingina na lulluɓe ta da soso. Na sauko da matakin ƙafa saboda gwiwarki ta hagu. Na rufe salansa da faranti don kada zafi ya lashi zanenki. Akwatuna biyu na ƙarfe a gefe: ɗaya na sifana, famfo, kayan faci da tanti, ɗayan naki ne ke kaɗai, ki zuba abin da kika ga dama, ba zan ce ya yi yawa ba. Maganin ɗigawarki yana da ƙaramin aljihu inda rana ba ta kaiwa. Hular kwanonki ruwan ɗorawa ce, launin da kika ce har yanzu ba ya ɓuya miki.

Kada ki ce ban gwada ba. Kullum da sassafe nake ɗaura buhun yashi a wurinki in fita bayan gari. Sau biyu muka faɗi, ni da buhun, kuma bai ce mini uffan ba, shi ya sa na san ba zai taɓa maye gurbinki ba. Yau kwana tara ban faɗi ba.

'Yarmu ta ce mu shiga mota kamar masu hankali. Ki gaya mata mota ba ta kaiwa inda nake son kai ki, kuma ba zan bari gilashi ya shiga tsakaninki da duniya ba. Na koma wurin likita, ya ce ki sa tabarau, mu riƙa hutawa, ba laifi. Sannu ba ta hana zuwa. Inda duk kika taɓa kafaɗata zan tsaya, ko don tsuntsu ɗaya ne, ko don wata bishiya da ta yi miki kyau. Ki kalla har ki ƙoshi. Wa ke jiranmu? Wa zai ce mun makara?

Ya kurciyar zuciyata, ki ce to. Ranar Asabar da hantsi zan tsaya a ƙofar gidan. In kin ce tsoro kike ji, zan kashe injin in zauna kusa da ke, ba zan yi fushi ba. Amma na san ki, ke da kika fi ni ƙarfin hali tun muna yara.

Da babban alƙalami na rubuta wannan, har takarda shida, don kada kowa ya karanta miki. In ranar da ba za ki iya ba ta zo, ni zan zama mai karanta miki komai, hannunki cikin nawa, har Allah Ya karɓi ajiyarsa.

Naki jiya, naki yau, naki har numfashin ƙarshe,
Tsohon mai waldarki