Ƙafar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya haƙuri da mu? Mama na gaishe ku.

Yaya, maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro, don a waya ba na iya faɗa, Mama na kusa. Ka san ciwon sugansa. Shekaranjiya bayan na gama zagayen duba marasa lafiya gida-gida na biya ta shagonsa, na same shi yana feƙe katako da safa a ƙafa, cikin wannan zafin. Wani wari ya buge ni, irin wanda nake wuni da shi a ɗakin wankin ciwo. Da ƙyar ya bari na cire safar. Ashe ƙusa ya taka tun tuni, bai ma ji ba. Babban yatsan ya kumbura, yana ruwa.

Na wanke, na ɗaure, na ce sai mun je babban asibiti. Dariya ya yi, wai likitar unguwa ta samu majinyaci har gida. A unguwar nan in na ce wa tsoho ya rage gishiri, ragewa yake, in na ce a kai yaro allura, a kai shi. Baba kuwa har yau yarinyar da yake ɗaura wa takalmi yake gani. Don Allah ka kira shi, kai yana jin maganarka.

Ƙanwarka,
Auta.

*

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin ƙaramin naka, tarin ya sake shi?

Na ji yadda kuka yi, wai ya ce maka ƙaiƙayi ne kawai. Yaya, yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ma ya soma. Abin da ke jakata auduga ce da bandeji da ruwan wankin ciwo da abin awo. Babu wanda zai tsayar da wannan a cikinsu.

Sai na yi dabara. Ranar da likita ke zuwa ɗakin shan maganinmu, na ce wa Baba bencin masu jira ya karye, da ma ya karye ɗin. Ya zo da gudumarsa yana ɗingishi. Na sa likita ya duba ƙafar, ya ce yatsu biyu za a cire, kuma ba abin jira ba ne. Baba ya mai da safarsa, ya ƙarasa gyaran bencin, har ya zauna ya gwada shi. Sannan ya dube ni ya ce, "Auta, a gaban jama'a kika tona ni? Yadda na zo duniya haka zan koma, ba a rage mini komai ba."

Na faɗa wa Mama. Ta yi kuka, ta roƙe shi, Kawu ma ya zo ya yi nasa. Kowa ya yi magana sai ya ce to, gobe kuma ya tafi shago. Kullum da safe ina durƙushe ina wankewa, ina kallon baƙin yana hawa. In an ba ka hutu ka zo.

Taka,
Auta.

*

Yayana,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Na san ba laifinka ba ne da suka hana ka hutun, kar ka sa wa ranka damuwa.

Abin da ban iya gaya maka a waya ba ke nan. Zazzaɓi ya kayar da shi a shago, maƙwabcinsa mai walda ya taimaka muka kai shi asibiti bai san inda yake ba. Suka ce yanzu ba maganar yatsu ake ba, daga ƙasan gwiwa ne, ko kuma rai. Mama ta riƙe hannuna ta ce ni ce mai ilimin, abin da na ce shi za a yi. Na ce a cire.

Ya farfaɗo, Alhamdulillahi, mun dawo gida, yana ɗan cin abinci. Amma tun da ya ɗaga bargo ya gani, bai sake yi mini magana ba. In na shiga sai ya juya fuska ga bango. A hanya mata na tare ni suna sa mini albarka, wai na ceci mahaifina.

Dungulmin yana buƙatar wanki kullum, kuma ya ce ban da ni. Abokiyar aikina ce ke zuwa. Ni nake haɗa mata kayan a faranti, in miƙa mata a bakin ƙofa, in tsaya a waje. Jiya na ji shi yana tambayarta ko na karya kafin in fita aiki. Ta ce masa ga ni nan a tsaye, ko ta kira ni? Ya ce a'a, ta bar ni.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaishe mini da Anti da yara.

Ƙanwarka,
Auta.