Mun Jira Ya Cire Tabarau

Cikin alhini mai nauyi da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, hukumar gudanarwar kamfaninmu, tare da daraktoci, 'yan wasa da ɗaukacin ma'aikata, na sanar da jama'a rasuwar ubanmu, malaminmu, dattijon arziki kuma jigon shirinmu na barkwancin asibiti da ake nunawa a talabijin, wanda masu kallo suka sani da Dakta Sai-Haƙuri, mu kuwa muke ce masa Baba. Allah ya karɓi abinsa ranar Talata da hantsi, yana bakin aiki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara goma sha ɗaya marigayin ya yi yana fitowa a matsayin babban likitan nan mai murtuke fuska, wanda bai taɓa yarda cewa majinyaci zai tashi ko ƙaramin likita zai yi hankali ba, wanda ko ciwon kai aka kawo masa sai ya leƙo ta saman tabarau ya ce a sanar da dangi. Da yawa sun ɗauka halinsa ke nan. Mu da muka zauna da shi mun shaida cewa da zarar ya tuɓe farar riga babu mai taushin zuciya kamarsa. Shi ne mai riga kowa zuwa dubiya, shi ne mai zaunar da sabon ɗan wasa ya yi ta bita da shi har kalaman su zauna masa, ko da yake ba ya rasa ƙarasawa da cewa wanda ya ɗauki ɗan wasan aiki bai kyauta wa masu kallo ba. Masu tare shi a hanya da takardar magani kuwa, yakan rantse musu cewa shi ko allura tsoronta yake ji, su nufi asibitin gaske.

Mai ɗakinsa, mahaifiyarmu, ta tambaye mu yadda abin ya faru, kuma haƙƙinta ne ta ji gaskiya daga bakinmu. Baba ba ya tsayawa inda rubutu ya tsaya, zancensa mafi daɗi yakan zo ne bayan an zaci ya gama, shi ya sa muka yi ƙa'ida cewa ba a tsayar da kyamara sai ya cire tabarau. Ranar Talata yana cikin yi wa ƙananan likitoci faɗa a gefen gado sai ya dafe ƙirji, ya zauna a kujera, ya sunkuyar da kai. Muka ɗauka sabon salo ne. Wasunmu suka toshe baki don kada dariyarsu ta shiga na'ura, darakta ya yi alama a ci gaba. Minti huɗu muna jira, sai da wadda ke fitowa a matsayin shugabar nas-nas ta lura gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Mutum tara sanye da fararen kaya a ɗakin, babu wanda ya san abin yi. Tukunyar iskar numfashin fanko ce, kwalaben maganin kuma ruwa mai launi ne a ciki. Kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa.

Mun san ajali ba ya jinkiri, amma sanin haka bai sauke mana nauyin ba, kunya da nadama suna cin mu. Hukumar ta yanke cewa ba za a taɓa nuna wannan ɗauka ba, kuma muna roƙon masu neman ganinta su dubi Allah su bari. Ba za mu sake ɗaukar shiri ba sai da ma'aikacin lafiya na gaske a wurin, babu kuma wanda zai gaji farar rigarsa.

Muna roƙon Allah Maɗaukaki ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, ya bai wa mai ɗakinsa, 'ya'yansa, jikokinsa da masoyansa haƙurin jure wannan babban rashi.

Jiya muka durƙusa gaban mahaifiyarmu muka faɗa mata duk abin da ke cikin wannan takarda, muka nemi gafararta. Ta saurare mu har ƙarshe, sannan ta tambaya ko akwai wanda ya riƙe masa hannu a cikin mota. An riƙe. Maganar yafiya ba ta ce komai ba tukuna, mu kuma ba mu da bakin da za mu gaggauta ta.

Sa hannu:
Kakakin kamfani,
a madadin hukumar gudanarwa, 'yan wasa da ma'aikata.