Jar Waya a Bayan Injin Baba

Harlingen, Lahadi

Douwe,

"Ki tafi hankali kwance, Renske. Kyanwa zan ba abinci, in ba furanni ruwa. Injin Baba ko ƙurar kansa ba zan shafa ba." Haka ka faɗa a bakin ƙofata, mabuɗina a hannunka, ranar da zan shiga asibiti a yi min aikin gwiwa. Na rubuta maka shi a takarda ne don ka gani da idonka, tunda ka daina ɗaukar wayata, saƙo kuma layin farko kawai kake karantawa.

Fushi ba zai hana ni gaisuwa ba. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Geertje, da fatan bayanta ya yi sauƙi. Ka gaishe ta da kyau, ita ba ruwanta. Gwiwata tana warkewa, idan ka damu ka sani. Kyanwa ta yi ƙiba, furanni sun mutu.

Jiya na iya sauka ɗakin baya, na kunna injin wasan nan na ɗan jirgi mai harbin duwatsu. Cikin injuna biyu da suka rage daga ɗakin wasannin Baba na bakin tashar jirgin ruwa, shi ne rabona, na wasan sauka a duniyar wata kuma rabonka. Ina tuna maka ne saboda da alama rabon ya shige maka duhu. Duwatsu suka fito suna yawo kamar kullum, fes. Amma a tsakiyar allon, daidai inda ɗan jirgin yake tsayawa, akwai baƙin ɗigo kamar an kashe taba a wurin. Na sa tsumma na goge. Ni da shekaruna, na san abin da nake kallo, amma sai da na goge.

Na buɗe baya, sai ga jar waya an ɗaure ta ta tsallake 'yar na'urar nan, mai gadin allon. Ban tambayi kowa aikin waye ba. Duk faɗin Friesland mutum ɗaya ne yake tula dalma kamar kashin tsuntsun teku a kan mota.

Kada ka ce ba ka sani ba. Tare muka tsaya a bayan Baba yana nuna mana. Wannan allon ba kamar talabijin yake ba, tsinken haske ɗaya ne yake zana komai, layi bayan layi, kamar alƙalami. Sigina ɗaya na jan shi hagu da dama, ɗaya na jan shi sama da ƙasa. Idan suka ɗauke, tsinken ya tsaya cak a tsakiya da duk ƙarfinsa, ya cinye fentin cikin kwalbar allon. Mai gadin nan aikinsa ɗaya ne a duniya: da ya ji sigina ta ɗauke, ya kashe hasken. Shi ka cire. Kuma ka san babu masana'antar da take yin irin wannan kwalbar yanzu, ko ɗaya. Wadda ta ƙone ta ƙone.

Maƙwabciyata Aukje ta ce ta gan ka da abokanka na wasan biliyad, da akwatin giya, kuna shiga gidana kamar masu gado. Ta ji ka ta katanga kana cewa, "Ku ba ni wuri, tsohuwar kwalbar tana ɗan lumshe ido ne, yanzu zan buɗe mata shi." Ka buɗe mata kuwa.

Ka maido min da mabuɗina, ka jefa ta ramin wasiƙa.

Yayarka,
Renske

Harlingen, Talata

Douwe,

Ina gaishe ka, da Geertje. Na ga mabuɗi, na kuma ga 'yar takardar da ka naɗe shi a ciki. Ka ce kwalbar ta tsufa, dama kwananta ya ƙare. Ka ce mai gadin ne ya lalace yana kashe hoto ba dalili. Ka ƙara da cewa kada in wahalar da gwiwata da "abin wasan nan na zamani", don ba abin da zai nuna min. Ban ga kalmar haƙuri ba. Na juya bayan takardar ma na duba.

To, na wahalar da gwiwar. Na cire allon daga layi gaba ɗaya don kada in ƙara masa rauni, na ɗora osiloskop ɗina, na'urar nuna sigina da ka kira abin wasa, a kan kujera, na maƙala bakin awo ɗaya a siginar hagu da dama, ɗaya a ta sama da ƙasa, kai tsaye daga ƙwaƙwalwar wasan. Na haɗa su biyun su zana hoto a ɗan gilashinsa.

Zan ba ka gaskiyarka, tunda ni ba na tsoron yin haka. Hoton ba kyau. Duwatsun sun fito ɗigo-ɗigo, kamar barbashin cakulan da muke barbaɗawa a kan burodi. Tsohon osiloskop ɗinka mai koren gilashi, wanda kake ji da shi kamar ɗan fari, ya fi shi iya zana layi nesa ba kusa ba. Amma naka abin da yake faruwa yanzu kawai yake nunawa, da ka ƙifta ido ya wuce. Nawa yana riƙewa. Na saita shi ya yi kwanto, duk lokacin da sigina ta faɗi ya kama ya tsayar. Na haɗa shayi na zauna ina jira injin ya ɗau zafi.

Shayin bai huce ba ya kama. Sigina biyun suna ta rawarsu, sai suka kwanta tare, shafal, kamar zaren da aka miƙar, sannan suka farfaɗo. Tare, Douwe. Na bi wayar wutar da take ciyar da su, na tarar da ƙafar filogi ɗaya dalmarta ta tsage, tsagar da sai da gilashin ƙara girma na gan ta. Da sanyi tana haɗuwa, da zafi tana buɗewa. Na hura mata na'urar busar da gashi, ta sake yi a gabana. Na narka dalmar na sake ɗaurawa, ko butar ruwa ba ta isa tafasa ba.

Ka gane ko? Mai gadin lafiyarsa ƙalau. Duk lumshe idon nan da ya ba ka kunya a gaban abokanka, ceton kwalbar yake yi. Shekaruna nawa ina koya wa yara tarihin sarakunan da suka kashe ɗan aike don ya kawo labari marar daɗi, ban taɓa zaton uwa ɗaya ta haife ni da irinsu ba.

Na cire jar wayarka, na mayar da komai. Injin yana aiki yanzu fiye da yadda ya yi a shekarun nan, yana zana duwatsu masu kyau kewaye da ramin. Na buga sau ɗaya, jirgina ya ɓace a cikin baƙin, na kashe na zauna. Ba gilashi nake wa baƙin ciki ba. A nan kaɗai nake jin ƙamshin ɗakin Baba, ɗumin ƙura da soyayyen dankali. Na saka maka hoton siginar a cikin ambulan. Ka kalla.

Yayarka,
Renske

Harlingen, Laraba

Douwe,

Gaisuwa a taƙaice, da fatan kun tashi lafiya.

Na haɗu da Geertje a kasuwa, wurin mai cuku. Baiwar Allah, da zuciya ɗaya ta ce min, "Ai Renske, na watan ma yana lumshe idon nan, amma ya gyara shi, irin gyaran da ya yi wa naki." Ta ce ranar Asabar za ka kai shi bikin masunta, ka kafa shi a rumfar 'yan biliyad, yara su yi ta bugawa tun safe har a tashi. Sai da na dafa teburin mai cuku.

Wuni guda a kunne, cikin rumfa mai zafi, ba mai gadi. Ita ce kwalbar Baba ta ƙarshe da ba ta da tabo. Rabonka ce, na sani, amma ba zan zauna ina kallo ka huda ta don kada a ce yayarka ta fi ka gaskiya ba.

Ga abin da za a yi. Kafin cin abincin yamma gobe Alhamis, ka zo ka ɗauke ni da motarka, ni da osiloskop ɗina, mu auna injin tare. Kai za ka cire wayar da hannunka, ni in nemo ciwon. Ba na bukatar ka ce komai, kuma ba wanda zai ji daga bakina.

Idan ba ka zo ba, ranar Juma'a da safe kana wurin aiki Geertje za ta buɗe min gareji. Ta riga ta yarda, bayan na nuna mata allona. Zan zare ƙwaƙwalwar wasan in sa a jakata in taho gida. Ka kai akwatinka biki yadda ka yi niyya. Zan zo da sandata in zauna a kujerar gaba da kifina a takarda, in ji abin da za ka gaya wa yaran.

Yayarka,
Renske