Inda Za A Haƙa Tafkin

Inna,

Na ga barci ya ɗauke ki, ban so in tashe ki ba. Na tafi garin Phonsavan sayo bututun ruwa, sai yamma.

Somphone mai katafila ya zo da sassafe duba inda za a haƙa tafkin, muka zaga gonar kaf. Na nuna masa bayan rumbun shinkafa, ya damƙi ƙasar ya murza, ya ce, “Ƙanena, nan ai yashi ne, ruwa ba zai kwanta ba. Wuri ɗaya ne mai laka, kai ma ka san shi.”

Kwarin da Baba ya fara haƙawa yake nufi, inda fartanyarsa ta daki tsohon bam ɗin zamanin yaƙi da ya kashe shi. Masu binciken bam sun share wurin tun bara. Na amsa masa, Inna, ban jira ki ba. Ki yafe mini. Shanunmu ba za su ƙara kai wani rani babu ruwa ba.

Mun kafa turaku da jan ƙyalle, Laraba zai fara. In zuciyarki ba za ta ɗauka ba, ki tuge su, ba sai kin ce mini komai ba. Tun daga bakin hanya zan gani.

Khamphet