Kufan da Ke Tsallaken Kogi

Akureyri, Aisland
Watan Nuwamba

Zuwa ga Halldora, hasken idona, sanyin zuciyata, ranata a wannan wata da rana ke leƙo mu sa'a huɗu ta koma!

Wasiƙarki ta iso daga Kanada, na karanta ta a tsaye, takalmina cike da ƙanƙara. Kin ce kin amince ki aure ni. Kin ce da bazara za ki zo da mahaifiyarki, a ɗaura mana aure a kufan gidan kakanninki, inda na kai ki. Wane namiji ne zai karanta wannan bai yi tsalle ya taɓa rufin ɗaki ba? Ni kuwa zama na yi a ƙasa.

Kin tuna kwana tara ɗin nan na watan Yuli? Tsohuwar motata, tantinmu mai yoyo ta gefena kawai, busasshen kifi da man shanu da kika ce kamar ana tauna takalmi, amma kika cinye rabona. Kin tuna yadda kike karanto sunayen gonaki daga takardar cocin da kika zo da ita, ina gyara miki, kina cewa, "Malam Torfi, ka ji da tuƙinka"? Dariyarki, ya rabin raina, ta fi mini ruwan ɗumi na maɓuɓɓuga bayan tafiyar yini! A jakarki kuma akwai kitson gashin Rannveig, kakar mahaifiyarki, naɗe cikin farin ƙyalle. Tana 'yar shekara takwas aka fita da ita daga ƙasar nan, ta mutu da wasiyyar a mayar da gashinta gidan da aka haife ta.

Yanzu ki saurara, ko da za ki yaga takardar bayan haka.

Gidan Rannveig yana tsallaken kogi ne. Kogin nan daga dutsen ƙanƙara yake saukowa, kuma kowa a nan ya san da sassafe ake ƙetare irinsa, kafin rana ta narkar da ƙanƙara ya cika. Ni na makarar da mu, ina ta ƙara kofi don kawai in daɗe ina kallonki. Da muka isa da la'asar, ruwan ya yi toka-toka, yana mirgina duwatsu. Saura kwana biyu jirginki ya tashi, babu halin jiran wata asuba. Kwana bakwai ina cika miki baki cewa babu kogin da ban ƙetare ba, sai ga wannan ya fi ƙarfina. Kalma uku kawai ya kamata in faɗa miki a ranar: ina jin tsoro. Na kasa.

Sai na hango wani kango ta wannan gefen, bangon ƙasa da ciyawa ya rufta, na nuna shi da hannu na ce, "Ga shi nan."

Halldora, ɗakin tumaki ne. Dogon tudun nan da ya ratsa tsakiyarsa, wanda kika shafa kina cewa, "Nan suke zama su yi saƙa da hunturu, ko?" komi ne, inda ake zuba wa dabbobi busasshiyar ciyawa. Ko wa ya tashi a karkara zai gane shi daga nesa. Na ce miki e. Kika durƙusa kina kuka, kina kiran sunanta, kina cewa kin dawo da ita gida. Ni na miƙa miki shebur ɗin da kika binne kitson da shi a wurin. Ni na ɗauki hoton da kika ce mahaifiyarki ta rataye a falo tana gaishe shi kowace safiya.

Wayyo ni! Da wace fuska na zauna ina dafa miki miyar rago bayan haka? Da wane baki na ce ina sonki a filin jirgi?

A watan Satumba, lokacin da ake tattaro tumaki daga duwatsu, na koma. Tsoho Ketill, mai gonar da ke kwarin, ya ga inda muka tona. Da na ba shi labari, sai ya ce, "Kai ɗan nan, ko tumakina sun fi ka kunya. Baiwar Allah ta ƙetaro teku, kai kogi ɗaya ya gagare ka?" Washegari da asuba ya ba ni doki muka ƙetare. Gidan yana nan, masoyiyata! Dutsen bakin ƙofa yana nan, ƙafafu sun goge shi ya yi santsi, murhun ma bai rushe ba. Na tsaya a inda ya kamata ki tsaya, ban taɓa jin kaina ɓarawo kamar a ranar ba.

Ban tono kitson ba. Hannun da ya nuna miki ƙarya bai cancanci taɓa shi ba. Na dai jera duwatsu a kansa don kada ruwa ya ci wurin, kuma duk sanda hanya ta buɗe ina zuwa in duba.

Zan iya yin shiru, na sani. Da an ɗaura auren a can, da mahaifiyarki ta yi kukan daɗi, da babu wanda zai faɗa miki, don Ketill ya ce bakinsa ba zai shiga ba. Amma yaya zan riƙe hannunki a gaban limamin coci, ina rantsuwar gaskiya, ƙafafunmu a kan kashin tumaki? Gara in rasa ki, ke da nake ƙauna fiye da numfashina, da in same ki ta wannan hanya.

Ba na roƙon ki riƙe alkawarin aure. Wanda kika amsa wa jarumi ne mai gaskiya, kuma babu shi. Roƙona ɗaya: ki zo da bazara ko ba don ni ba, Ketill zai ƙetarar da ke. Idan ba kya son ganina, zan tsaya nesa inda ba za ki hango ni ba. Rannveig ta jira fiye da shekara ɗari ta koma gida, ni na ajiye ta saura tafiyar minti ashirin.

Naki nake, ko kin amsa ko kin yi shiru, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,

Torfi