Wanda Rimot Yake Hannunsa

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau, sai kewarku.

Kin san ni da takarda: a nan kaɗai harshena ba ya sarƙewa, sai ki yi haƙuri da surutuna.

Muna da wani zama a kwaleji duk Laraba da la'asar, Malamarmu ta sashen gine-gine ce ta ƙirƙiro shi. Muna haska laccocin manyan masana da majigi a bangon wani ƙaramin aji, in an gama kallo a juya kujeru a tattauna. Aikina jona wayoyi, da sakin labule, da kallon laccar tun kafin ranar don kar ta tsaya mana a tsakiya. Bayan majigi nake zama, inda ba mai tambayata komai.

To ga Malama za ta tafi hutun haihuwa, an kuma ce in babu mai jan zaman za a ba wasu ajin, shi ke nan an rufe. Yaya, ni ta zaɓa. Ni mai i'ina! Na roƙe ta ta sake tunani, ta yi dariya ta ce ni kaɗai ke kallon kowace lacca sau biyu, don haka ni ke da abin faɗa. Da kina kusa da na laɓe a bayanki, kamar yadda nake yi in Umma ta aike mu kanti. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa. Saƙonki ya iso, na gode da ƙarfafa gwiwa, sai dai gwiwar ta sage.

Laccar da muka kalla a kan ambaliya ce a birane. Masanin ya dage cewa maganin abin shi ne a faɗaɗa magudanai. Ni kuwa ina ganin ya manta da sharar da ke toshe su, kuma da wannan na so in buɗe tattaunawa. Na miƙe, na fara, na maƙale. Akwai wani ɗan ajinmu da muke kira Rediyo, don ba a taɓa jin ya mutu ba. Ganin ina fama, sai ya ƙarasa mini: wai ina nufin na yarda da masanin ɗari bisa ɗari. Kowa ya gyaɗa kai, aka wuce. Aka yi ta tattauna abin da ban faɗa ba, ina tsaye da rimot ɗin majigi a hannu kamar wanda aka ba ajiya.

Ba mugunta ya yi ba, taimako yake ganin ya yi, shi ya sa ma abin ya fi ciwo. Ke in kin ƙarasa mini magana daidai kike ƙarasawa. Na yanke shawarar Laraba mai zuwa in sanar da su na ajiye. Ajin zai tafi, kuma ina jin kunyar Malama.

Ki shafa mini kan yara.

Auta

Yayata abar ƙaunata,

Ina fatan kun wayi gari lafiya. Na ji Baba har ya fara taka ƙafar, alhamdulillahi.

Ban ajiye ba. Ana gobe zaman, Rediyo ya same ni ina gwada wayoyi, ya tambaye ni me ya sa na daina amsa gaisuwarsa. Haushi ya sa na gaya masa, da ƙyar da jiɓin goshi, cewa akasin ra'ayina ya faɗa. Wallahi Yaya, ranar na fara ganin bakinsa a rufe.

Da aka gama kallo, shi ya miƙe ya kawo doka: wanda rimot yake hannunsa shi ke da magana, ba mai sa baki sai ya ajiye shi a kan tebur. Ya ce don kansa ya kawo ta, tunda kowa ya san cutarsa. Aka yi dariya aka amince. Sai ya ɗauko rimot ɗin ya miƙo mini.

Na ce ina so mu koma maganar makon jiya. Na zo kan kalmar magudana, ta ƙi fita. Ina jin ƙarar fankar majigi, ina jira wani ya cece ni. Ba wanda ya motsa. Na hango Rediyo ya toshe bakinsa da hannu biyu, idanunsa kamar su faɗo. Can kalmar ta fito, sauran suka biyo ta a hankali, har na kai ƙarshe na ajiye rimot da kaina. Wata ɗaliba ta ɗauka ta ce ba ta yarda da ni ba, muka yi musu sosai. Yaya, ba a taɓa musu da ni ba a duniya, tausayina kawai ake ji. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa. An bar mana ajin, Malama kuma ta aiko cewa ta sauka lafiya, mace.

Na gode wa Allah, na gode wa Malama da wannan sarkin surutun. Ke kuwa ban san ta inda zan fara ba. Tun ina ƙarami ke ce bakina, a kanti, a asibiti, har gaban Baba in na yi laifi, ba ki taɓa gajiya ba. Allah ya biya ki.

Alfarma ɗaya nake nema. In na dawo hutu, godiyar nan da baki nake so in yi miki ita. Za ta ɗauki lokaci, kuma na san tun kafin in kai rabi kin san ƙarshenta. Don Allah ki jira ni.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta