Madallar da ta makara a hanya

Yaya Aminu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Yaya iyali, yaya zaman baƙunta? Mu nan Batsari lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Yaya, na yi abin kunya. Ranar kasuwa Kawu Ilu ya kira ni daga Tsaskiya. Ka taɓa gaya mini cewa murya guntu-guntu take tafiya a waya, kuma aikinku shi ne tsara wa kowane guntu lokacin isarsa. To, layinmu bai san da wannan ba. Wata maganar ta iso nan take, wata ta tsaya a hanya. Da jinkirin iri ɗaya ne, da na san yadda zan jira.

Muna cikin gaisuwa na ce, "Yaya ruwa?" Ya ce ruwa ya yi gyara. Na ce, "Madalla, haka muke so." Ashe kafin maganata ta kai kunnensa, har ya faɗi cewa Allah ya yi wa matarsa, Gwaggo Hajo, rasuwa. Kuma ya buɗe muryar wayar a gaban mutane.

Na hau babur na tafi, amma na kasa ɗaga kai a wurin makoki. Kawu ya riƙe hannuna ya ce, "Sani, madallarka ta riga ka zuwa." Da ma zagina ya yi.

Ka sa Gwaggo a addu'a, ni ma kada ka manta da ni. Ka gaishe da maiɗakinka da yara. In za ka yi wa Kawu ta'aziyya, don Allah ka rubuto a takarda.

Ƙanenka,
Sani